Sun ƙone mana ganye don za a yi baƙi!

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da fuskata yau, raina a ɓace yake. Kun ga buhun nan? Takin gargajiya ne, lita 50, fam 6 na biya a nan Leeds. Ruɓaɓɓen ganye ne fa kawai aka ɗura a leda. Ina fitowa daga shagon sai ga bidiyo daga ƙanena a Jos. Wai 'yan ƙungiyarmu ta lambu sun share filin tas, ganyen mangwaro da karan masarar da aka shimfiɗa a kan kunyoyi duk an tara an cinna musu wuta. Dalili? Za a yi bikin ƙaddamar da ƙungiya, manyan baƙi za su zo, kada su tarar da datti. Datti! Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wannan "dattin" shi ne aikin gaba ɗaya. Shi ke rufe ƙasa kada rana ta tsotse laimarta, shi ke ruɓewa ya koma abincin shuka. In ka ƙone shi, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar ya bi hayaƙi, toka kawai aka bar maka. Kuma kowa ya san abin da ban ruwa da inji ya zama tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Kunyar da aka lulluɓe ba ta shan ruwa kamar wadda aka bari tsirara. Ka ga kuɗin fetur ne suka ƙone suna murna.

Ga waɗanda yau suka fara kallona, filinmu yana kusa da rafin Dilimi, aro aka ba mu. Tsarin da muke bi famakalca ake ce masa, wasu 'yan Ostireliya biyu, Bill Mollison da David Holmgren, suka tsara shi wajen ƙarshen shekarun 1970 a Tasmaniya. Ka tsara gona yadda komai zai taimaki ɗan'uwansa: kaji su ba da kashi, itace ya ba da inuwa da ganye, ruwan sama ya tsaya ya nutse maimakon ya gudu da ƙasa. Turawan nan kuɗi suke biya su yi kwas a kai. Ran nan a kwas ɗin da ni ma nake yi, malamarmu tana bayanin haɗa hatsi da wake a kunya ɗaya, kowa na rubutawa, ni dariya nake dannewa. Na ce mata kakana bai taɓa shuka dawa ita kaɗai ba, kuma bai taɓa sare gawo a gonarsa ba, don da damina yake zubar da ganye ya bar wa hatsi rana. Ta ce in tashi in yi wa aji bayani. Na yi kuwa, ban rage komai ba.

To amma inda suka fi mu, sun fi mu. Ku duba lambun unguwar da nake tsaye. Wallahi har yau ban san wane ne shugaba ba. Wata tsohuwa ce ke riƙe da makulli, akwai allo a jikin rumfa an rubuta ayyukan mako, duk Asabar da safe a fito, ko ana yayyafi. Baƙo ya zo, ba a tambayarsa fom, baro ake miƙa masa. An gama a sha shayi a watse. Mu kuwa zauren WhatsApp ya cika maƙil, kowa na turo bidiyon gonar Isra'ila da ta Chana, ranar aiki ka ƙirga mutane da yatsun hannu. Amma an zaɓi ciyaman, an zaɓi mataimaki, har da uban ƙungiya da mai magana da yawu, yanzu ana maganar buga riguna. Taron tsintsiya ba shara, in ji masu magana. Namu dai sun yi sharar, gara ma da ba su yi ba.

Akwai wani gari nan kusa, Todmorden, tun 2008 suke shuka kayan miya a bakin titi, har gaban ofishin 'yan sanda, wanda ya ga dama ya tsinka. Na ce a raina, a gwada wannan a unguwarmu, kafin ma a zo maganar mutane awaki sun gama da shi. Don haka in za ka fara, shinge tukuna. Wani dattijo Birom da ke zuwa mana shi ya nuna mana dashen ƙerana, irin shingen da ake gani a ƙauyukansu. Ka dai kiyayi ruwanta, in ya shiga ido za ka gane kurenka. Kuma zuwansa ya fi mini shingen daɗi, don tun rikicin 2001 unguwannin Jos suka rabu, ba kasafai ake samun abin da zai haɗa mu ba in ba kasuwa ba.

Kasuwa ma, ku je Farin Gada da yamma ku ga ganyen kabeji da ruɓaɓɓen tumatir da ake zubarwa. Ka kwaso, ka jera ɗanye da busasshe hawa-hawa, ka zuba kashin kaji, ka yayyafa ruwa, kana juyawa. A Jos wata biyu zuwa uku ya nuna. Nan sanyi kan sa mutum ya yi kusan shekara yana jira. Mu da muke cika baki da sanyin Jos, muna hawa dutse mita 1,200 muna yi wa 'yan Kano dariya in sun zo da hunturu! Ranar da na fara ganin ruwan bokiti ya daskare a nan Leeds na yi shiru. Tumatirin Turawa kuwa ruwa ne zalla. Yau da zan samu gwaten acca da yakuwa mai zafi, da na huce.

Wani abin da zan ja kunnenku: tokar bola. Masu noman rani a bakin kududdufan kuza sun daɗe suna sayenta, kuma suna da gaskiya, ƙasarmu tana da tsami, toka na gyara ta. Amma bolar yanzu batir ce da leda da gwangwani, akwai dalma a ciki, kuma latas ɗanye ake ci. Tokar murhu kawai na yarda a kawo filinmu.

Sai fili. Kada ka yarda da "ai ba komai, ku yi ta nomawa". A rubuta, shekara nawa, mai unguwa ya sa hannu. Ka wahala ka mai da tsandauri baƙar ƙasa, rana ɗaya ka tarar an kafa fegi an sauke bulo, magada sun sayar.

Masu turo mini saƙo cewa Yaya a turo fam a faɗaɗa aiki, ba zan turo ba. Na ga ƙungiyar da kuɗin waje ya shiga, masu fartanya suka ja baya, masu manyan riguna suka cika gaba. Karo-karon mako ya isa sayen baro da tankin ruwa, kuma asusun yana hannun Hajiya, nan zai ci gaba da zama. Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 lita dubu 70 ke nan yake zubarwa kwata. Indararo da tanki kawai ake buƙata. In mutane sun yi yawa a fili ɗaya, a tsaga, a ba wasu iri da taki su buɗe nasu a Rikkos ko Gangare. Matan da ba sa fita su shuka alayyahu a buhu a tsakar gida, su ma 'yan ƙungiya ne, kuma sun fi mazan cika alkawari, ku ji haushi in kun so.

Kuma don Allah a daina ce mini in zo da iri daga Ingila. Da yawa irin aure ne, ka shuka bana ya yi kyau, ka ajiye 'ya'yansa baɗi ya fito wani iri daban. Dankalin Turawa kuwa ko kyauta ba zan ɗauko ba, cutar da ke ƙone ganyensa da damina ta ishi mutanen Bokkos da Mangu, ba sai na ƙaro musu wata a jaka ba. Ku je wurin Inna, tana da irin kuɓewa da yakuwa ƙulle a tsumma, ku roƙa da ladabi. Ni zan wuce, motar aiki ba ta jira. Sai mun haɗu.