Shasin Akori-kura Ya Tsage: Gyaran da Zai Riƙe

Assalamu alaikum jama'a. Ga wata akori-kura a gareji, ku dubi wannan siririn layi mai jan ƙura a jikin ƙarfen shasinta, daf da inda aka ɗaure sifirin na baya. Wanda bai sani ba sai ya ce datti ne. To, tsaga ce. Jan ƙurar nan tsatsa ce da ke zubowa duk sanda bakunan tsagar suka gogi juna, wato shasin motar yana buɗewa yana rufewa a kan hanya, direba yana ciki bai sani ba.

Motoci irin su Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, bodinsu a zaune yake kan dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da gajeru a tsakani, wannan shi ne shasi, irin wanda ake kira ƙirar tsani. Inji, giya, sifirin, sitiyari, duk a jikinsa suke rataye. Tun 1968 Toyota ke ƙera Hilux, Land Cruiser samfurin 70 kuwa tun 1984, kuma har yau a kan irin wannan shasi suke. Shi ya sa suke jure hanyar Agadas zuwa Dirku da ramukan hanyoyin ƙauye. Amma ƙarfe ma yana gajiya. Kowace gargada tana lanƙwasa shi kaɗan ya dawo, sau dubbai a tafiya guda, shekara da shekaru. Wata rana sai ya fara tsagewa daga wurin da ya fi rauni: bakin ramin ƙusa, gefen tsohuwar walda, wajen akwatin sitiyari, ko tsakanin kan mota da bodin kaya.

Wannan na ƙarshe, lodi ne ke jawo shi. Duro ɗaya na ruwa mai lita 200 nauyinsa ya haura kilo 200. A jera uku a can ƙarshen bodi, bayan tayoyin baya, sannan a faɗa rami da gudu. Bayan motar zai yi ƙasa, inji na danne gaba, tsakiyar shasi ce za ta sha wahalar.

Akwai kuma tsatsa. Idan motar ta shigo ne daga Amurka ko Kanada, a yi hattara, domin can gishiri suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma yana cin shasi daga ciki. Ba ƙaramar magana ba ce: a 2016 Toyota ta amince da sulhun da ya kai kimanin dala biliyan 3.4 a Amurka kan tsatsar shasin Tacoma da Tundra da Sequoia. Don haka kafin a kunna injin walda, a ɗauki guduma a bi ƙarfen da duka. Mai lafiya zai yi ƙara ƙal-ƙal. Wanda ya ruɓe zai amsa da murya a dishe, ya rinƙa zubar da ɓawo, wani lokaci ma gudumar ta lotsa shi. Irin wannan ba ya karɓar walda. Sai dai a yanke ruɓaɓɓen a dasa sabon ƙarfe, ko a nemi wani shasin gaba ɗaya.

Tamu motar ƙarfenta da sauran lafiya, don haka mu shiga aiki.

A cire kan batir. A kawar da bututun mai da na birki da wayoyin da ke bin jikin shasi, in tanki yana kusa a sauke shi. A leƙa cikin ƙarfen ma, domin busasshiyar ciyawa da tsohon girisi na taruwa a can, kuma su ne ke kamawa da wuta bayan an tashi. Sannan a sa jak da matokara a ɗauke wa wurin nauyi har bakin tsagar ya haɗe. A auna shasin a gicciye, daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, shasin ya karkace, kuma in aka yi walda a haka motar za ta riƙa cin taya tana jan gefe har abada.

Yanzu ga inda mafi yawan gyara ke lalacewa. Tsagar da ido ke gani ba ita ce duka tsagar ba. Tana da wutsiya siririya da ta zarce gaba. A goge fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a shafa kananzir a bar shi ya shiga, a share saman tas, sannan a shafa garin alli. Ku duba: kananzir ɗin da ya ɓuya cikin tsagar yana tsotsowa waje yana zana layi a jikin allin. Ga shi nan ya wuce inda muka zata da kusan tsawon yatsa. Tsohuwar dabara ce ta masu gyaran jirgin ƙasa, kuma har gobe tana aiki.

A daidai ƙarshen layin nan za a huda rami, milimita 5 ko 6 ya isa. Me ya sa? Ku tuna mai yadi a kasuwa: ɗan tsaga kawai yake yi da almakashi, sai ya ja, yadin ya kece har ƙasa. Duk ƙarfin jan yana taruwa ne a tsinin tsagar. Ramin yana kashe tsinin, ya raba ƙarfin a zagaye. In ba a huda ba, ko an cika saman da walda, tsagar za ta ci gaba da tafiyarta a ƙarƙashi.

Daga nan a bi tsagar da injin gurza ƙarfe a fafe ta ta zama kwari mai siffar V, yadda narkakken ƙarfe zai ratsa har gindi. A wanke ragowar kananzir da alli sosai. Ɗan gargaɗi a nan: a jikin shasi, kusa da taya, galibi nan ake buga lambar shasin mota. Kada injin gurza ya kusance ta. Wanda ya shafe wannan lamba ya saya wa mai mota doguwar magana da kwastam da 'yan sanda.

Sandar walda. Na san mai lamba 6013 ce a kowane shago, da ita ake ƙofa da taga, tana kamawa da sauƙi, tana ba da kyan gani. Don shasi, ni 7018 nake zaɓa. Ta fi ƙarfi, kuma waldarta ba ta saurin tsagewa da jijjiga. Sai dai tana da sharaɗi: ba ta son danshi ko kaɗan, dole a ajiye ta a bushe, musamman da damina, kuma ƙaramin injin da ake naɗawa a gida sau da yawa ba ya iya riƙe wutarta. Kaurin ƙarfen shasin irin waɗannan motoci bai wuce 'yan milimita ba, don haka sanda mai milimita 2.5 ta wadatar. A maƙala wayar ƙasa ta injin walda kusa da wurin aikin. A yi waldar guntu-guntu, a tsaya ya huce, a kankare dattin sama, a ci gaba. A ƙarshe a cike ramin da aka huda.

Oga, don Allah kada yaro ya kwara ruwa don a yi sauri. Ƙarfen da aka sanyaya da ruwa yana taurara ya yi gautsi. A bar shi ya huce da kansa, sannan a gurje waldar ta yi daidai da jikin shasi.

Sai faci, kuma a nan nake so mu daɗe kaɗan. Abin da aka saba gani shi ne a yanko ƙaton faranti mai kusurwa huɗu, mai kauri ninki uku, a manna a zagaye shi da walda, mai mota ya gani ya ce madalla. Bayan 'yan watanni sai ga sabuwar tsaga a daidai gefen facin, a miƙe daga sama har ƙasa. Dalili kuwa, an ƙera shasi ne don ya riƙa ɗan lanƙwasawa. Facin mai kauri ya sandare wuri guda, duk lanƙwasar ta koma bakinsa, inda kuma aka ja layin walda a tsaye wanda zafi ya raunana ƙarfen gefensa. An zana wa tsaga hanya ke nan.

Ga yadda ya kamata. Kaurin faci ya zo daidai da na shasi, ko ya ɗara kaɗan. A yanke shi dogo, tsakiya da faɗi, bakunan biyu su tsuke a hankali, a kuma kashe tsininsu su zama kewayayyu. Da haka babu wani layin walda da zai tsaya a tsaye, kuma taurin facin yana raguwa sannu a hankali har ya saje da shasi. A huda 'yan ramuka a jikinsa a cike su da walda don tsakiyarsa ma ta kama. Facin ya tsaya a bangon gefe. Leɓen sama da na ƙasa na ƙarfen shasin su ne ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ba a huda su, ba a ƙara gicciya musu walda banda ta tsagar kanta.

Wannan duk na ƙananan motoci ne. Manyan tireloli da yawa ƙarfen shasinsu an gasa shi ne ta hanya ta musamman, har akan manna gargaɗi a jiki cewa kada a yi walda. Nasu gyaran da ƙusoshi ake yi.

In wuri ya huce, a shafa fentin hana tsatsa ciki da waje, a rufe da fenti mai haske don sabuwar tsaga ta yi saurin bayyana. A duba ɗaya ɓangaren shasin ma a daidai wurin, domin wahala ɗaya suka sha. In shokazoba ta mutu ko robar sifirin ta cinye, a canza su yanzu, su ne ke barin duka ya isa jikin ƙarfe kai tsaye. Direba kuma ya matso da kaya masu nauyi gaba, jikin kan mota, marasa nauyi su koma baya. Bayan tafiyar farko mai nisa a dawo da motar gareji, a wanke wurin, a haska fitila a bi gefen facin kaf.