Lacca: Yadda Ake Gina Mazaunin Moto Mai Ƙwari a Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Rimot

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, barkanku da zuwa. Yau maganarmu a kan mazaunin moto ne, wato abin da ke riƙe injin lantarki a cikin ƙaramin jirgin ruwan da ake sarrafawa da rimot. Yana damuna in ga mutum ya kashe kuɗi a kan moto mai kyau da batir mai kyau, sannan ya liƙa mazaunin da gaggawa a daren da zai kai jirgi ruwa.

Mu fara da lissafi don ku san irin wahalar da wannan ɗan ƙarfe yake sha. Moto marar burushi mai lamba 2000KV, wato mai juyi 2,000 a minti ɗaya ga kowane bolt, idan ka ba shi batirin LiPo mai sel huɗu, wato bolt 14.8, zai yi juyi kusan 29,600 a minti ɗaya in babu kaya a kansa. Kusan sau 500 ke nan a daƙiƙa ɗaya. A irin wannan gudu, karkatar da ido ba ya ma gani ita ce ke zama jijjiga, jijjiga ta cinye boris, ta kwance kusoshi, ta tsaga gam.

Saboda haka ku riƙe wannan: sandar farfela ita ke faɗin inda moto zai zauna. Ita ake fara kafawa da bututunta, gam ya bushe sarai, sannan a kawo moto ya bi ta. Da yawa suna fara kafa moto, su dawo suna tilasta wa sanda ta same shi, suna cewa ai mahaɗi mai lanƙwasa, wato abin da ke haɗa sandar moto da ta farfela, zai gyara. Mahaɗin yana yafe ɗan kuskure ne kawai, kuma da ƙarfin batirinka yake biyan wannan yafiyar.

Ga yadda nake so ku yi saitin. Ku cire mahaɗi mai lanƙwasa, ku sa miƙaƙƙe, ɗan bututun tagulla ko alminiyam wanda ya yi daidai da bakin sandunan biyu. Ku ɗaura moto a mazauninsa, ku zura shi, ku bar shi ya sauka inda sanda ta kai shi. Za ku ga giɓi tsakanin ƙafar mazauni da cikin jirgi, wani lokaci gefe ɗaya ya fi ɗaya. Kada ku danna shi ƙasa. Ku cike giɓin da 'yan siraran katako da gam mai kauri. Kafin gam ya kama, ku juya farfela da yatsa biyu. In saiti ya yi, za ku ji tana tafiya sumul. In akwai wurin da take cijewa a kowane zagaye, to da saura. Mai mitar auna amfiya ma ya fi samun sauƙi: ya kunna moto a hankali, yana ɗan motsa shi, inda lamba ta fi sauka kuma ƙara ta ragu, nan ne gidansa.

Kayan aiki kuwa, farantin alminiyam mai lamba 6061 mai kaurin milimita 3 ya wadatar ga motoci masu faɗin milimita 36, irin su masu lamba 540 da 3660, kuma yana janye zafi daga jikin moto. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, don maganaɗisun da ke ciki yana rasa ƙarfinsa in zafi ya yi yawa. Shi ya sa wasu mazaunan suke da hanyar ruwan sanyaya moto a jikinsu. Filawud mai kyau yana yi wa jirgi mai tafiyar sannu, muddin an shafe shi da gam ɗin efoksi ta ko'ina, har cikin ramukan kusa. Robar da ake bugawa da na'urar 3D kuwa, ku guji PLA, tana fara laushi tun wajen digiri 60.

Ramukan fuskar moto 540 tazararsu milimita 25 ce, kusoshinsu M3, wato masu kaurin milimita 3. Ku auna tsawon kusar nan, don Allah. In ta zarce, za ta shiga ta taɓa koyil, wato wayar da aka naɗe a cikin moto, moto ya ƙone tun bai ga ruwa ba. Ku ɗiga mata maganin kulle zare, mai hana kusa kwancewa, amma shuɗi, don ja ba ya kwantuwa sai da wuta. Moto mai tsawo kuma a sa masa zobe a baya, don idan jirgi ya yi tsalle ya faɗo kan ruwa, nauyin gindin moto yana lanƙwasa farantin gaba.

Sai haɗa mazauni da jikin jirgi, kuma a nan aka fi faɗuwa. Fatar jirgi siririya ce, ba ta ɗaukar nauyi a wuri ɗaya. Ku shimfiɗa dogayen katako biyu a tsawon cikinsa, kamar yadda ake ɗora rufi a kan azara, nauyi ya bazu. Ku kankare wurin da samfefa mai lamba 80 har sheƙi ya tafi, ku goge da sifirit, ku sa efoksi mai bushewa a hankali, na minti 30 ko fiye. Na minti 5 ba ya jure ruwa kamarsa. Sannan ku ɗora ƙyallen faiba a kan mahaɗar, rabi a katako rabi a jirgi. In jikin jirgin robar ABS ce, ku fara gwada gam ɗin a wani ɓoyayyen wuri.

Wani ya tambaya daga baya ko da wani abin lura in sanda mai lanƙwasa ce, wato ta kebur. E, a nan turin farfela gaba ɗaya yana bi ta kebur ya sauka a kan moto, mazauni ne ke tura jirgin. Don haka ƙafarsa ta yi tsawo gaba da baya. Kuma kebur yana gajarcewa in ya murɗe da ƙarfi, ku bar masa giɓi a baya, tsakanin abin da ke riƙe farfela da ƙafar da sanda ke fitowa, kamar kaurin kebur ɗin kansa. In kebur na milimita 4 ne, giɓin ma milimita 4. Akwai wata tambayar?