Kwantirola ko maus: wa ke cin wa a gem?

Habu: Salamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonninku duk a kan magana ɗaya suke, wai sabbin kwantirola sun kawo juyin juya hali, 'yan kwamfuta su tattara nasu-ya-nasu.

Zainab: Kai ma ai ka faɗi haka a guruf.

Habu: Ni? Allah ya kiyaye. Ku bari in yi bayani. DualSense, kwantirolar PS5 da ta fito a 2020, kunamarta tana yin tauri. Ka ja baka a gem, sai ka ji tsirkiyar tana ja da yatsanka. A Astro's Playroom kana taka yashi kana jin sa a tafin hannu. Akwai daɗi, ba musu. Amma leƙa wajen masu buga Call of Duty da gaske. Da yawansu abu na farko shi ne kashe taurin kunamar, su kashe girgizar. Wanda ya riga dannawa shi ke tashi da rai.

Sadiq: To me ya sa 'yan maus suke ta kuka a Warzone da Apex?

Habu: Yawwa, mutumina! Taimakon saiti ne da gem ke ba masu kwantirola. Abokin gaba ya gitta kusa da kai, gem ɗin da kansa ke ɗan jan saitinka ya bi shi. Wannan aikin manhaja ne, robar hannunka ba ta san ana yi ba. Tun da aka zuba 'yan PS da Xbox da 'yan kwamfuta a fili ɗaya rigimar ta tashi. ImperialHal, babban ɗan wasan Apex, ya ajiye maus ya koma kwantirola a 2022. A 2024 sai da Respawn, kamfanin da ya yi Apex, ya rage ƙarfin taimakon. A shekarar ne kuma Valorant ya shigo PS5 da Xbox, kamfaninsa Riot ya ƙi haɗa su da 'yan kwamfuta sam.

Sadiq: Ni dai matsalata analok, ɗan sandan nan na kwantirola da ake juyawa da babban yatsa. Ba ka taɓa shi ba, ɗan wasanka ya kama tafiya shi kaɗai.

Zainab: Ga ta nan! Sadiq bai taɓa shan kashi ba a rayuwarsa, kullum analok ne.

Sadiq: Wallahi yana ja hagu!

Zainab: Na ba ka tawa, ita ma hagu ta ja?

Habu: Tasa hagu, taki hagu, in an ba shi maus ma zai ce tebur ya karkace.

Sadiq: Ai teburin ya karkace ɗin.

Zainab: Kun ji ko!

Habu: Amma yana da gaskiya ta wani gefen. Abin da ke cikin analok ɗin gogewa yake yi har ya cinye. Kwantirolar Dreamcast ta Sega, tun 1998, da maganaɗisu take aiki, babu guga. Sony kuwa a DualSense Edge ta 2023 sai ta ce in ya lalace ka cire ka sayi sabo. Haba!

Zainab: Ni abin da ya ba ni dariya Switch 2 ce. Ka ɗora kwantirolarta, Joy-Con, ta gefe a kan tebur, ta zama maus. Wato su Nintendo ma sun sallama. In akwai sabon abu na gaske, saitin karkata hannu ne, ka karkata kwantirola saiti ya bi, irin na Splatoon, wanda Fortnite ya gyara nasa a 2022.

Habu: Kuma fa kwantirolar nan a kwamfuta ma ana jona ta. Wa ke buga gem ɗin ƙwallo irin FC ko Rocket League da kibod?

Sadiq: Akwai su.

Habu: Allah ya ba su lafiya. To, mun shirya mu yi maganar mutum huɗu a kujera ɗaya suna Mario Kart, sannan kowa ya faɗi hukuncinsa...

Zainab: Lokaci, Yaya Habu. Kai ka cinye shi.

Habu: Shi ke nan, sai mako mai zuwa. Sadiq, ka gyara teburinka.