Alƙalami da Ƙwallo a Jami'o'in Amurka, 1869 zuwa 1895

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ke sahun gaba, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma. Na can baya, kuna ji na? To madalla.

Amurka za mu leƙa yau, amma ta da can. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 ɗaliban Rutgers suka kara da na Princeton a wasan ƙwallo, kowane ɓangare mutum 25, Rutgers ta ci 6 da 4. Yaran da kansu suka shirya abinsu. A shekarar ce kuma aka naɗa Charles Eliot shugaban Harvard yana ɗan shekara 35. Ku riƙe sunan nan.

Abin da ya dami Eliot shi ne ɗalibansa ba su iya rubutu ba. 'Ya'yan masu hannu da shuni ne, sun sha Latin da Girkanci, amma a ce su rubuta shafi guda da harshen uwarsu sai ido ya raina fata. A 1872 ya ɗauko wani tsohon ɗan jarida, Adams Sherman Hill, ya ba shi koyar da rubutu. A 1874 aka sa insha'i cikin jarrabawar shiga Harvard, fiye da rabi suka faɗi. Kada ku yi dariya, na ga takardunku! Zuwa 1885 darasin rubutu ya zama dole ga duk ɗan aji ɗaya. Wani malami kuma, Barrett Wendell, ya ce kullum ta Allah sai ɗalibi ya kawo shafi guda kan abin da idonsa ya gani. W.E.B. Du Bois, wanda daga baya ya zama jagoran baƙar fata, ya zauna a ajin nan.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Yaran da ake kora da sanda su yi insha'i, su ne ke kwana ba barci suna haɗa jaridarsu, ba maki, ba sisi. Harvard Crimson ta fara a 1873 da sunan Magenta, ta Princeton a 1876, Yale Daily News a 1878. Me ke jan masu karatu? Labarin wasa. Wa ya ci, wa ya karye, wa za a sa ranar Asabar. Ni a ganina a nan da yawansu suka koyi rubutu na gaskiya, domin a aji malami ɗaya ke duba ka, a jarida kuwa duk makaranta ce, kuma in ka yi ƙarya akwai wanda ya kalli wasan.

Ku dubi Walter Camp na Yale. Shi ya kawo shawarar rage 'yan wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka daga 15 zuwa 11 a 1880, ya kuma tsara yadda ake jeruwa fuska da fuska kafin a sa ƙwallo. Daga baya aikin kamfanin agogo ya yi, amma alƙalaminsa bai huta ba: littattafai, maƙalu a mujallu, dokokin wasa. Da rubutu ya raba wasan nan da rugbi na Ingila, ba da ƙafa ba.

Wasan kuwa ya koma kamar yaƙi. A 1892 Harvard ta fito da dabarar da 'yan wasa ke dunƙulewa kamar tsinin mashi su auka wa mutum ɗaya a guje. A 1894 aka ji wa juna munanan raunuka a karawar Harvard da Yale a garin Springfield, har aka dakatar da haɗuwarsu sai 1897. Eliot ya yi ta sukar wasan a rahotonsa na shekara-shekara. Ba wai ya ƙi motsa jiki ba ne, shi kansa ya yi tseren kwale-kwale, shi ne ma cikin waɗanda suka sayo jajayen hankici a 1858, launin da Harvard ke taƙama da shi har gobe.

A Springfield ɗin nan dai, Disamba 1891, James Naismith, malamin motsa jiki a makarantar horaswa ta ƙungiyar matasa Kirista (YMCA), ya rataye kwandunan 'ya'yan itace biyu, ya rubuta dokoki 13. Jaridar makarantar ta buga su a Janairu 1892, sai ƙwallon kwando ya bazu. Wata malama, Senda Berenson, ta ɗauka ta gyara wa 'yan matan kwalejin Smith. A Maris 1893 suka buga wasansu, aka kulle ƙofa, ba namiji ko ɗaya da aka bari ya shiga kallo.

Ga shi an fara kiran sallah. Masu tambaya, ku riƙe ta sai mun idar.