Me Ya Sa Matan Maya Ke Gudun Asibiti a Gwatemala?

A ƙauyukan tsaunukan Gwatemala, wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya, idan naƙuda ta kama 'yar ƙabilar Maya, 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, ungozoma ake fara aikawa a kira. Ita ta riƙa duba cikin tun yana ƙarami, tana shafa shi, tana lura da kwanciyar ɗa, kuma da harshen gida take magana da mai cikin.

Ƙidayar 2018 ta nuna kusan kashi 42 cikin ɗari na mutanen ƙasar 'yan Maya ne, masu harsuna 22, manyansu K'iche', Q'eqchi', Mam da Kaqchikel. Asibitin gwamnati kuwa da Sifaniyanci yake aiki.

To, ku duba abin da ke faruwa in haihuwa ta zo da gardama. An ɗauko mace a bayan akori-kura, jini na zuba, an sha tafiya a hanya marar kwalta. Da isa, sai a tsayar da ungozomarta a bakin ƙofa. A cire mata zanen saƙarta, a kwantar da ita rigingine, alhali a gida durƙushe take haihuwa. Likita na tambaya, ba ta ji. A miƙo takardar tiyata a ce ta dangwala, ba wanda ya faɗa mata abin da ke ciki. Wata ma har tsawa ake daka mata. Ta koma gida ta ba da labari, gobe maƙwabciyarta ta ce gara ta haihu a ɗakinta, komai ta fanjama fanjam.

Wannan ba jahilci ba ne, kuma tsoron yana da tushe. Yaƙin basasar ƙasar, daga 1960 zuwa 1996, ya ci mutum kusan 200,000, kuma hukumar binciken da ta ba da rahoto a 1999 ta ce kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka tantance 'yan Maya ne. Wanda ya ga haka daga hannun gwamnati, da wuya ya miƙa mata matarsa hankali kwance. Sakamakon yana da ciwo: mutuwa wajen haihuwa tsakanin matan asalin ƙasar ta kai kusan ninki biyu na sauran mata.

Dokoki akwai su. Ta 2003 ta ce a yi wa mutane aikin gwamnati da harshensu, ta 2010 kuma ta ce a kula da masu ciki daidai da al'adarsu. Aiwatarwa ce ta yi ƙaranci.

Ƙungiyar kiwon lafiya mai zaman kanta, Wuqu' Kawoq, wadda aka kafa a 2007, ta gwada wata hanya a yankin Tecpán. Ta ba ungozomomi wayar hannu da na'urar awon hawan jini da ta sauraren bugun zuciyar ɗan ciki, don su gane haɗari da wuri. Sannan ta ɗauki mata masu jin Kaqchikel da Sifaniyanci a matsayin 'yan rakiya. Dare ko rana, in ungozoma ta kira, 'yar rakiya za ta nemo mota, ta shiga asibiti da mai naƙuda, ta yi tafinta, ta bayyana mata abin da likita zai yi, ta kuma sanar da miji da suruka halin da ake ciki. A ganina nan ne hikimar take: ba a ture ungozoma ba, ita aka mayar ƙofar shiga asibiti.

Haka batun al'ada. Bayan haihuwa, matan Maya na shiga ɗakin turiri da ake kira tuj, kusan yadda muke wankan jego, kuma iyalai da yawa na son a ba su mabiyiya su binne ko su ƙona da kansu. Ma'aikacin da ya saurari wannan ba tare da raini ba, shi ake saurara ranar da ya ce jinin nan ya yi yawa, a tafi asibiti yanzu.

Sai dai aikin ƙungiya ɗaya ba ya isa ko'ina. A lardunan Huehuetenango da Alta Verapaz, inda mutuwar masu jego ta fi yawa, mata da dama har yau su kaɗai suke shiga ɗakin haihuwa, ba mai jin harshensu.