Wanzamin Lima da sauran tsarkakan gidan Dominikan

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Ranar 1 ga Nuwamba Ikilisiya duka ta yi bikin dukan tsarkaka. Yau, 7 ga wata, 'yan ƙungiyar Dominikan ke yin nasu na cikin gida, gobe kuma su yi wa matattunsu addu'a. Mu mutanen Gusau da Sakkwato ba baƙi ba ne a wannan biki. Fadannin Dominikan daga Amurka ne suka karɓi wannan yanki a 1953. Bishop ɗinmu na farko, Edward Lawton, ɗan ƙungiyar ne, haka ma Michael Dempsey da ya gaje shi. Sistocinsu kuwa sun sauka Gusau a 1956. Da yawanmu a nan hannunsu ne ya yi mana baftisma.

Wani saurayi ya tare ni a bakin ƙofa ɗazu, ya ce, "Baba, abokaina suna cewa muna bauta wa matattu." Ɗana, sujada ta Allah ce shi kaɗai. Amma in za ka shiga jarrabawa, ba ka kan ce wa mahaifiyarka ta sa ka a addu'a ba? Abin da muke roƙon tsarkaka ke nan, don mun gaskata suna raye a gaban Allah. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 12, ta kira magabatan bangaskiya babban taron shaidu da ke kewaye da mu.

Uban gidan, Dominik, mutumin Sifen ne. Paparoma Honorius na uku ya amince da ƙungiyarsa ranar 22 ga Disamba 1216, aikinta wa'azi da neman ilimi. Ya rasu a Bolonya, ƙasar Italiya, a 1221. Daga cikin ƙungiyar aka sami Toma Akwinas, wanda har yau ake karanta littattafansa a seminari, wato makarantar horar da fadanni, da Katarina ta Siyena, wadda ta matsa wa Paparoma Giregori na sha ɗaya ya bar Abinyon ta Faransa ya koma Rum, ta kuma rasu a 1380 tana da shekara 33 kacal. Manya ne, ba musu. Amma ni yau a kan wanzami zan tsaya.

An haifi Martin de Porres a Lima, ƙasar Peru, a 1579. Ubansa Bature ne ɗan Sifen, uwarsa Ana baƙar mace ce da aka 'yanta daga bauta. Da farko uban ya ƙi karɓarsa. Yana yaro aka kai shi koyon wanzanci, kuma wanzamin wancan zamani irin namu ne: ga aski, ga fitar da mugun jini, ga ɗaurin miki, ga cire haƙori. Ku ɗauka yaro ne riƙe da zabirar maigidansa, yana wasa aska a kan fata.

Yana ɗan shekara 15 ya je gidan Dominikan na Lima. Dokar lokacin ta hana jikokin bayi zama cikakkun 'yan ƙungiya, sai aka karɓe shi a matsayin ɗan aiki. Wannan abin kunya ne ga Ikilisiyar wancan zamani, kuma ba zan ɓoye shi ba don muna biki. Shekaru ya yi yana shara, yana wanki, yana yi wa fadanni aski, kafin a bar shi ya yi alkawarin zama brada, wato ɗan ƙungiyar da ba fada ba, a 1603. Aka ba shi ɗakin marasa lafiya. Yakan kwaso majinyata daga titi, bawa ko ɗan gari, wani har a kan gadonsa yake kwantar da shi. Da ɗakin ya cika, ya riƙa kai su gidan 'yar'uwarsa. Ana ba da labari cewa da bashi ya kama gidan, ya ce wa shugaban ya sayar da shi a biya. Duk sa'ad da na kai nan sai jikina ya yi sanyi, domin ɗan wadda ta yi bauta ne ke wannan magana, ya san abin da kasuwar bayi take nufi.

Ku dubi hotonsa can gefen bagadi: farar riga da baƙi a kai, tsintsiya a hannu, a ƙafarsa kare da kyanwa da ɓera suna ci a kwano ɗaya. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba 1639. Sai ranar 6 ga Mayu 1962 Paparoma Yohanna na 23 ya sa shi cikin jerin tsarkaka. Shekara 323! Talakawan Lima ba su jira Rum ba, tun ranar jana'izarsa suka san wane ne.

Shi ya sa nake ƙaunar wannan rana, don ta haɗa har da waɗanda Rum ba za ta taɓa jin sunansu ba. Ina yaro akwai wata tsohuwar Sista a asibitin mishan. Gyambo ya ci ƙafar kakata, warinsa ya kori kowa daga ɗaki. Sistar nan ta durƙusa a siminti, ta ɗora ƙafar a cinyarta, tana wankewa da ruwan ɗumi da gishiri, tana ce mata "sannu Mama" da karyayyar Hausarta. Sati shida tana haka, kullum da safe. Ba wanda ya buɗe mata fayil a Batikan.

Na ga Fada yana duba agogo. Gobe Misar matattu ce da safe. Kowa ya rubuto sunan mamacinsa a takarda, katikis zai karɓa a bakin ƙofa.