Ciwon jijiya da neman aiki a ƙasar wasu: laccar da aka yi a Tawa

To jama'a, ƴan baya ku matso, abu ukku na zo da su. Na farko shi ne ciwon jijiyar nan, wanda Faransawa ke ce ma sclérose en plaques. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, kamar wayar kuran da ɓera ya gaigaye robarta, saƙo ya dinga yankewa. Wani likita Charcot ya bayyana shi a Paris tun 1868, a 2020 masu shi sun kai miliyan 2.8 a duniya, kuma ya fi kama ƴan shekara 20 zuwa 40, daidai lokacin neman na kai.

An daɗe ana ɗauka ciwon Turawa ne, sai a 2013 wani bincike a Kaliforniya ya nuna baƙaƙen mata sun fi farare kamuwa. Baƙi ya je likita a makara wajen gano ciwon, ba takardar likita, alhali dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 da ta Faransa mai cewa kashi 6 cikin ɗari na ma'aikata su zama naƙasassu, galibi sai da wannan takarda suke amfanar ka.

Amma zafi, ku ji ni da kyau, zafi! Mu ƴan Tawa wa zai koya muna zafi, Alhaji ga ka nan kana fifita tun ɗazu. Mai wannan ciwo jikinsa na ɗumama gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, gajiya ta danne shi, in ya sha sanyi ya dawo daidai. To wane aiki ƴan ci-rani suka fi samu can? Kicin, wanke-wanke, gini, ɗaukar kaya a sito, duk aikin tsaye cikin zafi. Da safe garas, da azahar ba ya iya ɗaga kwali, maigida ya ce raggo ne, dama can kallon da ake ma baƙar fata ke nan. Wallahi wannan na ci mini rai, don abin da yake buƙata bai taka kara ya karya ba, kujera, fanka, ruwan sanyi, a maida masa aikinsa da safe. Zafi nake ce muku.

Na'am Hajiya? Tana tambaya ko ana ɗauka. A'a Hajiya, ba a ɗauka, ku ci kwano ɗaya, ku zauna biro ɗaya. Ba sammu ba ne kuma. Wanda gani ke ɗauke masa ya dawo, ko ƙafa ke mutuwa ta tashi, a kai shi Yamai wajen likitan jijiya a yi masa hoton IRM, mai nuna cikin ƙwaƙwalwa da laka, kada a tsaya hayaƙi.